Katakon Malamin Turanci

A shagon mai ɗinki tsohuwar Malama ta tsinci maganar. Riguna ta kai a rage mata, don jiki sai ƙanƙancewa yake yi tun da ta ajiye aikin koyarwa. Ta tarar da mata jere a kan benci suna jiran kayansu, bakunansu na gudu fiye da keken ɗinkin.

"Wai uwar Malamin Turanci ta zama bebiya," in ji wata mai goyo.

"Wace bebiya? Iska ce ta taɓa ta," ta kusa da ita ta gyara mata.

"Ku dai ba ku sani ba," in ji mai ɗinkin, da allura a gefen baki. "Tsufa ne ya juya mata kai. An ce ko ɗan nata ba ta ganewa. Bawan Allah, ga aikin makaranta ga jinyar uwa, amma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Irin 'ya'yan nan sun yi ƙaranci."

Malama ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba yi wa aji in ta nemi aikin gida.

"A cikinku wa ta je ta gan ta?"

Suka dubi juna.

"To wa ya faɗa muku?"

"Haka dai aka ce, Malama."

"Shi mai cewar nan da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, ya daɗe yana binne mutane da ransu a unguwar nan."

Ta ajiye rigunan ta fita. Matar da ake magana a kanta ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kuma ba a banza ake kiranta Rediyo ba. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta ɗauko zance daga bakin kasuwa har gida ba ta maimaita labari, ko barci take yi sai ka ji tana gardama da wani. Tun da ɗanta ya ɗauke ta zuwa sabon gidansa a ƙarshen gari suka daina haɗuwa, don gwiwar Malama ba ta son tafiya mai nisa. Malama ba ta musun cewa kai yana juye wa tsofaffi, ta ga hakan da idonta. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne saurin da ake yi wajen maƙala wa kowace tsohuwa wannan ciwon da zarar ta zame wa gida nauyi.

Da safe ta fara zuwa, ta tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar ƙarfen. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai kullum haka ne. Mai gidan yana makaranta, matar tana ofis, yara suna karatu, tsohuwar kuwa kulle ta ake yi kada ta fita ta ɓace. Sai da la'asar Malama ta dawo.

Matar ɗan ce ta buɗe. A bakin ƙofa ta rusuna ta gaishe ta da Hausa ƙasa-ƙasa kamar mai tallan kayan sata, suna taka falo kuma ta juye zuwa Turanci. Falon ya sha kujeru, ga kantar littattafai har rufi, ga takardar yabo cikin gilashi a bango, ta gwarzon malamin Turanci. Tun yana yaro ake ce wa ɗan nata Ƙamus, don ko banɗaki za shi da ƙamus a hammata. Malama ce ma ta koyar da shi a sakandare.

Ɗakin tsohuwar yana bayan kicin. A da ɗakin ajiya ne, har yanzu akwai kwalaye a kusurwa da mataccen firiji, kuma ba ƙyaure, labule ne kawai. Rediyo tana zaune a bakin katifa, hannaye a cinya. Jikokinta biyu suna bakin labulen: babbar, wadda ke aji a makarantar ubanta, da Auta, wadda haƙoranta na gaba suka zube.

"Ke mai giɓi," Malama ta ce wa Auta, "wa ya sace miki haƙora?"

"Ba sata aka yi ba, Kaka, da kansu suka faɗi!"

Dariyar ba ta gama fitowa ba babbar ta zaro wata igiya daga cikin rigarta, ta cire daga wuyanta ta jefa a wuyan ƙanwar. A jikin igiyar akwai guntun katako mai faɗin tafin hannu, an zana kan jaki a jiki. Fuskar Auta ta mutu nan take. Rediyo ta runtse ido.

Malama ta ɗauka wasan yara ne. Ta zauna a gefen katifar da nishi, ta dubi ƙawarta. Ta rame, gashinta ya daɗe bai ga kitso ba, amma idon nan nata yana nan.

"Ke mummuna, an ce kin zama bebiya. Ni murna na zo yi, kunnuwan gari sun samu hutu."

Ko motsi.

"To tunda ba ki da bakin musu, bari in faɗa wa jikokinki gaskiya. Kakansu, mijin naki, ai wurina ya fara zuwa. Ni na ce ba na so, sannan ya faɗa kanki don rashin abin yi."

Hannun Rediyo ya silale ta ƙarƙashin zani ya kama naman cinyar Malama ya murɗa, irin mintsinin da ta sha tun suna ƙanana. Sai da Malama ta cije leɓe. Ta ɗago ta ga Rediyo ta dubi labulen, ta dubi yaran, ta dawo da ido kanta, ta girgiza kai kaɗan.

Wadda ta ji wannan ƙaryar ta gane ƙarya ce har ta rama, kanta bai juye ba.

Da matar ɗan ta rako ta ƙofa, Malama ta tsaya.

"'Yar nan, yaushe abin ya fara?"

"An ɗan jima, Mama. Mu dai ba mu rage ta da komai ba. Abinci, magani, sabulu, duk ana ba ta."

"Wa ke hira da ita?"

"Ai ba ta magana."

"Kafin ta daina, wa ke hira da ita?"

Matar ta gyara ɗankwali. "Mama, ni aiki nake zuwa, in dawo a gajiye in shiga kicin. Tsarin gida kuma na mai gida ne."

Malama ta kai kwanar layin ke nan motar Ƙamus ta wuce ta, a daidai nan kuma ta tuna ta baro lemarta. Ta juyo a hankali. Kafin ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa, ta ji muryarsa daga falo yana ƙirga da Turanci, kowace ƙirga da ƙarar rula a kan tafin hannu, da kukan Auta da take ƙoƙarin haɗiyewa. Tambayar haƙora ce ta jawo wa yarinyar wannan. Malama ta bar musu lemar ta tafi.

Washegari ta je makarantar. Ba mai hana ta shiga, rabin malaman ɗalibanta ne. Ta zauna a bencin baya na ajin rubutun insha'i. Ƙamus yana gaban allo cikin riga fara ƙal, jan biro a aljihu. Ta yarda ya iya aikinsa. Ya ɗauko jimlar wata ɗaliba ya rubuta a allo, ya rarraba ta gunduwa-gunduwa, ya nuna inda nahawu ya karye da yadda za a ɗora shi. Ya ce musu, da Turanci, wannan Hausa ce aka sa wa rigar Turanci, kuma mai duba jarrabawa ba ya tausayi. Sannan ya raba littattafan da ya duba, kowanne ja jawur kamar an yanka kaza a kai.

Malama ta karɓi na yarinyar da ke kusa da ita. An ce su kwatanta kasuwa. Jimlolin gajeru ne, kowace a wanke tas, amma ba kasuwa a ciki. Ba hayaniya, ba wari, ba mai ciniki ko ɗaya. Yarinyar ta rubuta iyakar abin da ta tabbata ba zai jawo mata jan biro ba.

Can a tsakiyar aji wani ya raɗa wa maƙwabcinsa ya ara masa biro, da Hausa. Nan take igiya ta tashi daga wani wuya ta sauka a nasa, da katako mai kan jaki. Sai a lokacin Malama ta lura cewa yaran ba allo suke kallo ba, bakin juna suke gadi.

A ofishin malamai Ƙamus ya tarbe ta da fara'a da dogon Turanci.

"Da Hausa za ka amsa mini," ta ce, "in ba haka ba ka rataya mini katakon in gani. Wanda na gani a wuyan Auta, shi ne na aji?"

Ya waiwaya ya tabbata ba ɗalibi a kusa, sannan ya sauko. "Ɗan'uwansa ne, Malama. Doka ɗaya ce. Wanda aka ji da Hausa shi zai karɓa, wanda kuma na dawo na same shi a wuyansa shi zai sha rula."

"A gidanka."

"A gidana ya fi muhimmanci. Kin fi kowa sani, yaro ya ci kowane darasi ya faɗi Turanci, ba jami'ar da za ta dube shi. Ina ganin masu ƙwaƙwalwa suna ƙarewa a bakin titi saboda wannan takarda ɗaya. Da Hausa suke tunani, sannan su juya, shi ya sa rubutunsu ke fitowa a karkace. Sai an toshe ta daga tushe. Duk ƙwararru sun yarda da haka."

"Su waye ƙwararrun? Na koyar da Turanci tun ba a haife ka ba, ban ga yaron da ya faɗi don ya gaida kakarsa ba. Kai da kake tsaye nan, da Hausa na buɗe maka nahawun Turanci har ka gane. Insha'inka kuma ya fi na kowa rai ne don kana kwana kana tashi da uwar da ba ta rabo da labari. Na karanta na ɗalibanka yau. Gawa ce aka yi wa wanka."

"Gawar nan ce ke cin jarrabawa, Malama. Sakamakona yana nan a bango."

"To kakarsu fa? Da wane harshe za su amsa mata?"

"Ni ban hana Inna magana ba. Su na hana amsawa."

"Ka taɓa ganin mai hira da bango?"

"Ciwo ne ke damunta. Zan sa a duba ta."

"Kai yaushe rabonka da ka zauna kusa da ita?"

"Kullum ina gaishe ta."

"Da wane harshe?"

Ya ɗauki littattafan aji na gaba ya daidaita su a kan tebur. "In na karya dokar da bakina a gaban yara, da wane ido zan hukunta su?"

Daga nan Malama ta mayar da gidan wurin zuwa, gwiwa ko ba gwiwa. Da Turanci take yi wa yaran magana yanzu, tana ji kamar tana tauna yashi. Kowane zuwa sai ta tarar an rage wa Rediyo wani abu. Ƙaramin akwatin rediyon da take kwana da shi an ɗauke, wai tashar Hausa take kamawa kuma sauti yana kaiwa falo. Maƙwabtan da ke shigowa gaishe ta an ce su dakata sai bayan jarrabawa. Matar ɗan ta koma yi mata magana da hannu, ta nuna kwano, ta nuna baki. Kwanon kuwa sai ya wuni a rufe.

Abin da ya fi ci wa Malama rai shi ne yadda bakin labulen ya zama tarko. Duk ranar da katakon yake wuyan babbar, sai ta lallaɓo Auta ta turo ta ɗakin, ta laɓe tana jira. Ba muguwa ba ce, ita ma tafin hannunta nama ne. Ta dai gane cewa Auta ba ta iya riƙe baki a gaban Kaka, ko tari tsohuwar ta yi sai yarinyar ta ce sannu. Har tarin Rediyo ta koyi dannewa. Malama takan matso ta raɗa mata, "Yi magana a hankali, ba mai ji." Sai Rediyo ta nuna labulen da haɓa, inda ƙananan ƙafafu ke leƙowa ta ƙasa.

Wata la'asar katakon yana wuyan Auta, ta shigo ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kakarta, tana hura tafin hannunta da bai gama sacewa daga na jiya ba. Sai ga ƙarar mota a ƙofa. Yarinyar ta ƙanƙame ƙafar kakarta. Rediyo ta dube ta, ta dubi labulen, ta buɗe baki, murya ta fito a shaƙe amma da ƙarfi har falo.

"Kawo!"

Ta cire igiyar daga wuyan Auta ta zura a nata, ta tura katakon cikin riga ta dafe da hannu biyu.

Ƙamus ya ɗaga labulen da rula a hannu. Babbar ta yi masa bayani da Turanci, tana in-ina: Kaka ce ta yi Hausa, Kaka ce ta karɓa. Ya tsaya yana kallon uwarsa. Ya miƙa hannu, ta ƙara dafewa.

"To ga mai laifi," in ji Malama. "Dokarka ce. Ta miƙo hannun dama ko na hagu?"

Ya saki labulen ya fita. Ran nan ba a doki kowa ba. Washegari ya zo da wani katakon daga makaranta, sabo, igiyarsa ma ta fi kauri. Rediyo ta ƙi cire nata, da shi take wanka da shi take kwana, kuma daga ranar ko nishi ba a sake ji daga ɗakin ba.

Malama ta tare Ƙamus a ƙofar gida ta ce ya ba ta ƙawarta su zauna tare, ɗaki yana nan ba kowa.

"Don a ce na kasa riƙe uwata? Ni da ake misali da ni a garin nan? Malama, ina girmama ki, amma maganar gidana ce. Kin gani da idonki, ta fara fizgar kayan yara tana ɓoyewa a jiki. Abin ya wuce na gida."

Matarsa ce ta biyo Malama har kwanar layi bayan kwana biyu, tana waige. Ta ce ya samo likita za ta zo gida ta duba Inna, in ta sa hannu za a kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali. Ya riga ya yi magana, gado yana jira.

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce, Mama? Ko ni in na manta na yi Hausa a gabansu sai ya kwana bai yi mini magana ba."

Ranar da likitar ta zo, Malama ta riga ta isa. Likitar matashiya ce mai sanyin murya. Ta haska idon Rediyo, ta auna jini, ta tambaye ta ko ta san inda take, ko ta san wannan da ke tsaye. Ƙamus yana bakin labule da matarsa, yaran sun leƙo ta tsakaninsu. Rediyo ta kafa wa bango ido. Da likitar ta ɗaga rigar za ta sa abin sauraron ƙirji, katakon ya faɗo waje, tsohuwar ta yi wuf ta damƙe.

"Kin gani ko?" in ji Ƙamus da Turanci. "Haka take yi. Tarkace take tarawa."

Likitar ta ɗauko biro.

"'Yata, kafin ki rubuta," in ji Malama, "ki sa a fitar da yaran nan daga gidan. Ba falo ba, gidan maƙwabta. Sannan ki sake tambayarta. In ba ta amsa ba, ni ma ki rubuta ni, mu tafi tare."

Ƙamus ya fara cewa ba a zo gidansa don a ba shi umarni ba. Likitar ta ce ba abin da zai ragu in an gwada. Matar ta kama hannun yaran ta fita da su tun kafin ya ba da izini. Aka ji ƙofar ƙarfen ta buɗe, ta rufe.

Rediyo ta karkata kai tana saurare. Ta jima haka. Sannan ta juyo ga Malama.

"Sun yi nisa?"

Muryar kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba.

"Sun yi, mummuna."

"Ke ce mummuna. Kuma ƙarya kike, mijina ko kallonki bai taɓa yi ba." Ta juya ga likitar. "Sannu 'yar nan, kin sha hanya. Ki yi haƙuri na bar ki kina ta magana ke kaɗai, ba halina ba ne. Na san inda nake, ɗakin ajiyar ɗana ne. Wancan kuma ni na haife shi, da ƙafa ya fara fitowa, tun ran nan yake wahalar da ni."

Likitar ta mayar da biro aljihu.

"Kai, matso," Rediyo ta ce wa ɗanta. Bai matso ba. "To tsaya nan, kunnenka dai yana ji. Na ce wa Auta kin ci abinci, ta ce na ci, da yamma na ji kukanta. Na ce mata sannu, ta ce yauwa, washegari hannunta ba ya riƙe cokali. Sai na gane ni ce nake dukanta da bakina, kai hannu kawai kake ara mini. Shi ne na rufe shi."

"Inna, don gobensu nake yi." Hausar ta fito masa a daddafe, yana kallon ƙasa.

"Na ji. To yau fa?"

"Jarrabawar yarinya ta kusa. Ba zan rushe abin da na gina ba. In magana kike so, ki yi lokacin da suke makaranta, ba wanda ya hana ki."

"Da wa? Da kwaɗon ƙofa?"

Likitar ta rufe jakarta ta ce ita ba ta ga abin da za ta sa wa hannu ba, sai dai tsohuwar tana bukatar abinci da mutane. Ƙamus ya ce, da Turanci, zai nemi wani likitan da ya fi ƙwarewa.

"Nemi goma," in ji Malama. "Duk wanda ya zo zai same ta a gidana, kuma zai ji labarin daga bakinta, shi da shugaban makarantarku da duk mai kunne. Tashi mu tafi."

Rediyo ba ta tashi ba. "In na tafi, wa Auta za ta jingina da shi?"

"In kin tafi, ba mai sa ta magana."

Tsohuwar ta juya maganar a ranta. Sannan ta dafa katifa ta miƙe, ta tattara zannuwanta cikin ɗankwali. Ƙamus ya miƙa hannu ga katakon.

"A'a," ta ce. "Wannan nawa ne. Ni na yi magana."

Malama ta ce su jira yaran su dawo a yi sallama. Rediyo ta ce ko kusa, yanzu za su fita, don in Auta ta gan ta da ƙunshi sai ta yi magana. Suka fito layi, kowace tana dogara da 'yar'uwarta. Amma Auta tana ƙofar maƙwabta, ta hango su, ta taho da gudu, ta buɗe bakin nan mai giɓi. Rediyo ta yi sauri ta dafe nata bakin da tafin hannu tana girgiza kai. Yarinyar ta tsaya cak, ta haɗiye abin da za ta ce, ta ɗaga hannu. A bayanta yayarta tana tsaye, ta riga ta zaro sabuwar igiyar daga cikin riga tana jira.

Da Malama ta koma karɓar rigunanta, tare da Rediyo ta je, an yi mata kitso, tana ta yi wa mai ɗinkin tsiya kan wuyan rigar da ta karkace. Matan benci suka saki baki.

"Ikon Allah! Malama, ta warke? Wane magani aka yi mata? Asibiti ne ko na gida?"

Malama ta ninke rigunan ta sa a jaka.

"Ba ta yi ciwo ba. Ɗanta ya hana Hausa a gidansa. In ta yi magana jikarta ta amsa, sai ya doki yarinyar. Shi ya sa ta yi shiru."